Sunan da Aka Bai wa Mugu a Fim, Wani Ne Ke Amsa Shi a Gida

Wata ranar Laraba 'yar yayata ta dawo daga makaranta, ko jaka bata sauke ba ta zo ta tsaya a gabana, idonta yayi jawur, tace "Kawu dan Allah wai mutum zai iya canza suna in ya riga ya girma?" Shekararta 11 a lokacin. Nace mata me ya sami sunan naki, suna mai kyau haka? Sai ta fashe da kuka. Da ƙyar na lallashe ta ta faɗa min. Ashe akwai wani fim mai dogon zango da ake yayi a lokacin, kowa na kallo, a ciki akwai wata muguwar mata mai ƙulla sharri da raba mutane, kuma sunansu ɗaya da yarinyar nan. Tun da aka fara haska shi 'yan ajinsu suka sa ta a gaba, in malami ya kira sunanta a rajista sai aji ya ɗauka da dariya, wani yace kowa yayi hattara ga ta nan, har ƙawarta da suke zama benci ɗaya ta tashi ta koma baya. Ba zan faɗi sunan fim ɗin ba, ba zan faɗi na yarinyar ba, dan ba wani mutum ɗaya nake so a yiwa ca ba, kuma na tabbata wanda ya rubuta labarin bai ma san da zamanta a duniya ba. Amma tun daga ranar na daina ɗaukar sunayen da ake raɗa wa mutanen cikin labari a matsayin abun nishaɗi kawai.

Dama ni ina cikin mutanen nan da in suna kallo sai sun tsaya sun tambayi kansu me yasa aka kira wannan da wannan sunan, har yau ina yi kuma akwai daɗi a ciki sosai. Wanda bai kalli finafinan da zan ambata ba yayi haƙuri, dole zan fasa ƙwai a wasu wuraren. Ka ɗauki Squid Game, na Koriya ta Kudu da Netflix ta saki a watan Satumba na 2021, mutum 456 waɗanda bashi yayi wa katutu aka tara su suna wasannin yara, wanda ya faɗi a kashe shi, wanda ya kai ƙarshe ya kwashe won biliyan 45.6 na kuɗin Koriya. Ni da ƙanina muka kalla a waya ɗaya, muna ta tausayin wani tsoho mai lamba 001 da ke fama da ciwo a ƙwaƙwalwa, sai a kashi na ƙarshe aka nuna ashe shine uban tafiyar gaba ɗaya. Ƙanin nawa ya karɓe wayar ya shiga bincike, can sai naji yace "Yaya, kasan me sunan tsohon nan yake nufi kuwa?" Sunansa Oh Il-nam, a yarensu il ɗaya kenan, nam kuma namiji, wato mutum na farko. Ɗan Koriya da yake kallo ya ji wannan tun lokacin da tsohon ya faɗi sunansa da bakinsa, mu kuma ya wuce mu. Akwai kuma yarinyar nan da ta gudo daga Koriya ta Arewa, wadda burinta kawai ta ɗauko ƙaninta daga gidan marayu ta haɗa kan iyalinsu, sunanta Sae-byeok, ma'anarsa asuba. A daren da gari zai waye a yi wasan ƙarshe aka kashe ta. Asuba bata ga asuba ba. Wallahi da na gane wannan sai da jikina yayi sanyi, duk da na riga na gama kallo.

Abun da nake so a lura da shi shine ban san ma'anar ko ɗaya ba lokacin da nake kallo, amma labarin ya kama ni tsam. Ma'anar sunan daga baya ta zo, kamar gyara aka ƙara min. A wajena wannan shine marubuci ya iya, ya ajiye abu a cikin suna ya bar shi yana jiran wanda zai tono, wanda bai tono ba kuma bai yi asarar komai ba.

Wanda ya fi kowa iya wannan a cikin waɗanda na kalla shine Vince Gilligan, mai Breaking Bad, wanda aka haska a Amurka daga 2008 zuwa 2013. Jarumin malamin sakandare ne mai koyar da kimiyyar sinadarai, likita ya gaya masa yana da kansar huhu, sai ya shiga haɗa ƙwaya wai dan ya bar wa iyalinsa abun dogaro. Sunansa Walter White, white kuwa fari kenan a Turanci, suna ne na mutumin da ba wanda zai waiga ya kalla sau biyu. Da ya shiga harkar sai ya raɗa wa kansa Heisenberg. Shi Werner Heisenberg na gaskiya Bajamushe ne masanin kimiyya, a 1927 ya fito da ƙa'idar da ke cewa ba yadda za a yi ka san takamaimai inda ƙaramar ƙwayar zarra take kuma ka san takamaimai yadda take gudu a lokaci guda, in ka kama ɗaya ɗayan ya kuɓuce maka, kuma shi aka bai wa kyautar Nobel ta 1932. Toh haka Walter yake, matarsa ta san inda yake kwana bata san inda ya dosa ba, dillalan ƙwaya sun san inda ya dosa basu san inda yake kwana ba. Kuma abun da ya fi min shine ba marubuci ne ya liƙa masa sunan daga sama ba, shi da kansa ya zaɓa, irin sunan da malamin kimiyya mai jin duniya bata bashi haƙƙinsa ba zai zaɓa kenan. Sunan ya nuna girman kan da ke ɓoye a cikinsa tun kafin halinsa ya nuna, har aka kai lokacin da ya tsaya a gaban wani dila a daji ya tilasta masa sai ya faɗi sunan da bakinsa. Ko kamfanin da ya kafa da abokinsa tun suna samari, suka haɗa White da Schwartz, wanda ya samo asali daga kalmar baƙi a Jamusanci, fari da baƙi suka bada ruwan toka, suka sa wa kamfanin Gray Matter. A ƙarshe ma suna ne ya tona masa asiri, mijin 'yar'uwar matarsa da ke aiki a hukumar yaƙi da ƙwaya ya shiga banɗakin gidansa ya tarar da littafin waƙoƙin Walt Whitman da aka bashi kyauta, an rubuta W.W. a ciki, haruffa biyu kacal suka rusa ɓoyon sama da shekara guda. Lauyansa kuma Saul Goodman, in ka faɗe shi da sauri a Turanci sai ya fita kamar ana cewa komai lafiya lau abokina, sunan gaskiyarsa Jimmy McGill, ya ƙirƙiri wancan ne dan jan kwastoma.

Akwai wani da har yau in na tuna sai raina ya sosu. A Game of Thrones akwai wani ƙaton bawan Allah da ke goya wani yaro gurgu, ba abun da yake iya furtawa sai kalma ɗaya, Hodor, har ta zame masa suna. Shekara biyar mutane na kallo suna dariya suna kwaikwayonsa. Sai a 2016, a zango na 6, aka nuna sunansa na asali Wylis, kuma tun yana yaro aka jiyar da shi ihun da za a yi masa ranar mutuwarsa, ana ce masa hold the door, wato riƙe ƙofar, yayi ta maimaitawa yana birgima a ƙasa har kalmomin suka dunƙule suka koma Hodor. Ashe duk tsawon rayuwarsa ajalinsa yake ambata mu muna dariya. Nan masu fassara a duniya suka shiga uku, dan dole su nemo jimla a yarensu da zata narke ta koma Hodor. Jamusawa sun yi sa'a, Halt das Tor ta kusa. Kai gwada da Hausa ka gani, riƙe ƙofar ko ka maimaita sau dubu ba zata taɓa zama Hodor ba. Wannan yasa nake jin takaici in naga yawan abun da ke zubewa a hanya in an fassara fim. Masu kallon Ertuğrul na Turkiyya, wanda aka fara a 2014, nawa ne suka san Doğan shaho yake nufi, Aykız kuma 'yar wata, Gündoğdu kuma rana ta fito? Baturke yana jin waɗannan a kunnensa kai tsaye, kamar yadda in aka kira mutum Nagari ko Gagarau a fim ba sai an yi maka bayani ba. Da masu fassara zasu riƙa saka ɗan layi ɗaya a ƙasa ranar da mutum ya fara fitowa, da sun kyauta mana.

Ba kuma kowane suna mai nauyi bane yake ɗauke da kaya. Lost, wanda aka yi daga 2004 zuwa 2010, labarin mutanen da jirginsu ya faɗi a wani tsibiri, ya cika mutanensa da sunayen manyan masana, ga John Locke, ga Rousseau, ga Hume, ga Faraday. Na Locke ya ɗan zauna, dan shi masanin Ingila na ƙarni na 17 cewa yayi ana haihuwar mutum da zuciya kamar allon da ba a rubuta komai ba, shi kuma na cikin fim gurgu ne a keke da ya tashi ya taka bayan jirgin ya faɗi, kamar an wanke masa allo. Amma sauran a ganina ado ne yafi yawa, an sa mutane sun yi shekara shida suna tono suna zaton akwai wata babbar amsa a ƙasan sunayen, aka gama fim ba a biya bashin ba. Mu ma masu kallo muna da namu zaƙewar. Mutane sun cika intanet da sharhin me yasa a La Casa de Papel na Sifen aka kira wannan Tokyo, wancan Balin, waccan Nairobi, alhali masu shirin sun ce haka nan aka tsinci sunayen garuruwan tun farko, abun da labarin ke buƙata kawai shine kada ɓarayin su san sunan juna na gaskiya. Wani lokacin kuma gaisuwa ce kawai marubuci yake miƙawa, kamar likita House na wani fim ɗin Amurka da abokinsa Wilson, waɗanda aka gina a kan Sherlock Holmes, mai binciken laifuka na littattafan Ingila, da abokinsa Watson, har lambar gidan Holmes 221B aka bar wa House.

Duk wannan ɓangaren daɗin ne. Inda maganar ta fi min nauyi shine masu rubutun nan sun fi kowa sanin suna ba ƙaramin abu bane. A watan Janairun 1977 aka haska Roots a Amurka dare takwas a jere, labarin Kunta Kinte, saurayin da aka kamo daga Gambiya aka sayar da shi bawa. Duk wanda ya kalla, abun da ya fi zama masa a rai shine inda aka ɗaure shi ana tsala masa bulala a gaban sauran bayi, ba dan komai ake ci gaba da dukan ba sai dan ya ƙi amsa Toby, sunan da iyayen gidansa suka sa masa, ana dukansa yana cewa Kunta, har sai da jiki ya gaza ya furta wancan. Haka a The Handmaid's Tale na 2017, an ƙwace wa mata sunayensu an liƙa musu na mazan da suka mallake su, jarumar ana kiranta Offred, wato ta Fred, in an canza mata gida sunan ma ya canza. Masana'antar da ta iya nuna mana cewa raba mutum da sunansa daidai yake da raba shi da kansa, bata da bakin da zata dawo tace ai suna ne kawai, mun ɗauko ne mun saka.

Kuma suna baya tsayawa a cikin talabijin, fitowa yake ya shiga gidajen mutane. A Amurka ɗaruruwan iyaye sun sa wa 'ya'yansu mata Khaleesi saboda son da suke wa sarauniyar nan mai dodanni ta Game of Thrones, duk da ba ma sunanta bane, sarauta ce a wani yare da aka ƙirƙira dan fim ɗin. Sai ga shi a 2019, saura kashi ɗaya a gama, ta ƙone gari guda da mutanen cikinsa bayan sun riga sun miƙa wuya. Fim ya ƙare, 'yan wasa sun karɓi kuɗinsu sun kama wani aikin, yaran nan kuma suna nan da sunan har tsufansu. Wannan dai iyaye ne suka ɗauko da hannunsu. Wanda ya fi ciwo shine wanda yana zaman zamansa sunan ya faɗo masa. A The Simpsons, wani shirin katun na Amurka, akwai wani Ba'indiye mai kanti da ake kira Apu, wani Bature mai suna Hank Azaria ne yake masa murya da karin harshen da aka ƙara wa gishiri. A 2017 wani mai barkwanci ɗan asalin Indiya, Hari Kondabolu, ya fitar da shiri na musamman a kansa, inda mutane 'yan asalin yankin da suka tashi a Amurka suka zauna suna bada labarin yadda aka riƙa kiransu Apu a makaranta ana kwaikwayon maganarsa a gabansu. Azaria ya ajiye muryar a 2020, a 2021 kuma ya fito ya bada haƙuri. Kusan shekara 30 ana dariya kafin a tsaya a saurari waɗanda ake dariyar a kansu.

Mafi muni shine in abun ya zama ɗabi'a, ya zamana duk lokacin da ake neman mugu sai a miƙa hannu cikin jakar sunayen wasu mutane daban. Jack Shaheen, wani malamin jami'a a Amurka ɗan asalin Lebanon, kuma Kirista ne ma, ya zauna ya bi finafinai sama da 900 ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da littafi a 2001 da ke nuna yadda a mafi yawansu Balarabe ko ɗan ta'adda ne ko attajiri mara tunani ko mai cin zarafin mata. A 2005 fim ɗin 24 ya kawo wani iyalin Musulmi da ke zaune lafiya cikin unguwa ashe 'yan ta'adda ne a ɓoye, ƙorafin ƙungiyar CAIR ta Musulmin Amurka yasa sai da tashar Fox ta sa jarumin, Kiefer Sutherland, ya fito ya yi wa masu kallo bayani cewa kada su ɗauki Musulmin ƙasar haka. A irin wannan wurin ma'anar da aka ɓoye a cikin suna ba wata hikima bace, gajeriyar hanya ce ta malalacin marubuci, ya san in ya ambaci suna mai wani irin amo mai kallo zai tsorata tun kafin mutumin ya buɗe baki, sai ya huta da wahalar gina hali. Kuma kada wani ya ɗauka wannan ciwon Amurka ne kaɗai. Duk ƙasar da ake fim akwai sunayen da aka ware wa ɗan aiki, da na wawa, da na matsafi, da na macen banza, akwai kuma waɗanda aka ware wa mai kuɗi da mai ilimi da wadda za a aura a ƙarshe, kuma in ka bi diddigi zaka tarar rabon yana bin ƙabila ko addini ko ƙauye da birni. Ka gwada da duk fim ɗin da kake bi yanzu, rubuta sunayen miyagun a gefe ɗaya na kirkin a gefe ɗaya, ka kalli takardar da kyau.

Na san me za a ce min, dan an sha faɗa min. Za a ce toh mugun ya zauna ba suna kenan? Duk sunan da ka ɗauko a duniya akwai mai shi, in aka bi ta taka ba za a yi fim ba. Gaskiya ne, kuma ni ban ce a kafa wata hukuma da zata riƙa tantance sunaye ba, bana ma so, dan irin wannan ƙofar in aka buɗe ta ba a san me zai biyo baya ba. Za kuma a ce laifin na yaran da suka yi tsokana ne da iyayensu da malaminsu da bai tsawatar ba. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, sai da yayata taje makarantar kafin abun ya lafa. Amma yaro baya ƙirƙiro makamin tsokana, wanda ya tarar a ƙasa yake ɗauka.

Ka duba ma rubutun nan da ake sakawa a farko ko ƙarshen fim, mai cewa duk sunaye da mutanen ciki ƙirƙira ne, in ya yi kama da wani to dacewa ce. Asalinsa shari'a ce. A 1932 kamfanin MGM ya yi fim a kan Rasputin, wani malamin addini na fadar sarkin Rasha, wata gimbiya mai suna Irina Yusupov ta kai ƙara tace wata mata da aka nuna a ciki ita ake nufi kuma an ɓata mata suna, a 1934 kotu a Ingila ta yanke a biya ta fam 25,000, kuɗi mai yawan gaske a wancan zamanin. Daga nan kamfanoni suka fara kare kansu da wannan rubutun, manyan cikinsu har yau suna da masu bincika suna kafin a fara ɗauka dan kada ya faɗa kan wani da zai iya kai su kotu. Kenan an san suna yana cutarwa, an san shi sarai, kawai dai wanda ake tsoro shine mai lauya. Yarinya 'yar shekara 11 bata da lauya, ba abun da ke tsakaninta da wannan sai tunanin mutumin da ke zaune da biro yana zaɓe.

Kuma akwai mafita a cikin sana'ar kanta, ba sai an je nesa ba. Laƙabi. Walter White ya yi ta'asarsa ne da sunan Heisenberg, yau in ana maganar muguntarsa wancan ake ambata, ba a bi kowane Walter da ke duniya ana nuna shi ba. Masu wasan kwaikwayon Hausa na da sun san wannan tun tuni, marigayi Usman Baba Pategi da ya rasu a 2023 mutane da yawa basu taɓa sanin sunansa ba sai Samanja, muƙamin soja ne aka mayar suna, ya faɗi aikin mutumin da halinsa da yadda zai buɗe baki tun kafin ya shigo, kuma bai hau kan ɗan kowa ba. In marubuci na son mugunsa ya zauna a bakin mutane, ya bashi laƙabin da ya fito daga aikinsa, wanda mutanen cikin labarin ne suka raɗa masa saboda abun da suka gani, wannan ya fi kama zuciya nesa ba kusa ba, kuma in an gama fim da shi za a tafi. In kuma dole sai sunan yanka, toh a riƙa juya rabon, yau mai irin wannan sunan shine mugu, gobe shine likitan da ya ceci rai, jibi shine uban da kowa ke fatan samu. A cikin fim mai kashi 100 ba abun da zai hana a sami mutum biyu masu suna ɗaya, ɗaya na kirki ɗaya na banza, ai haka rayuwa take, kowannenmu ya san irinsu. Abun da nake roƙo bai wuce minti biyar na tunani ba kafin a buga sunan a takarda, marubuci ya tambayi kansa su waye ke amsa wannan sunan a waje, kuma sau nawa aka riga aka basu wannan matsayin kafin ni.

Ita dai 'yar yayata bata canza suna ba, ba a ma kai ga nan ba. A daren na zaunar da ita na buɗe waya muka nemo ma'anar sunanta tare, da matan kirki na tarihi da suka amsa shi kafin ita, tana karantawa tana share hanci, har ta ce in tura wa mamanta. Fim ɗin ya ƙare, wani ya fito, 'yan ajin suka koma kan wani yaron. Yanzu ta kusa gama sakandare. Amma kwanaki na raka ta cike wani fom, matar da ke kan tebur ta ɗago kai ta tambaye ta sunanta, sai naji ta faɗi na tsakiya, wanda ba mai kiranta da shi a gida. Na kalle ta, ta kawar da kai tace "Kawu shi ya fi sauƙi."